Wata takwas ina tsoron takun farko na asuba

Wanda bai taɓa ciwon dunduniya ba ba zai gane yadda mutum zai ji tsoron sauka daga kan gadonshi ba. Ni na yi wata takwas a haka. Ladan zai kira assalatu, na farka sarai idona biyu, amma sai in zauna bakin gado ina kallon ƙasa, don na san da zarar na aza ƙafar dama zan ji kamar an kafa ƙusa a tsaye na taka ta da dukan nauyina. Daga ɗakina zuwa bayi bai fi taku 15 ba amma sai na dafa bango na dafa ƙofa ina ɗingishi a kan yatsu. Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne kafin in gama alwala in shimfiɗa darduma ciwon ya fara sakina, lokacin da zan ɗora ruwan koko kuwa kamar ba ni ba. Shi ya sa da farko ko baban yara bai ɗauki abin da zafi ba, yana ganina da hantsi ina zirga-zirga lafiya lau, sai in na zauna na ɗan huta kamar na rabin awa na tashi, ƙusar nan ta dawo daidai inda take, cikin dunduniya ta ɓangaren ciki, wuri ɗaya tak da zan iya nuna maki da ɗan yatsa.

Sana'ata kayan gara ce, alkaki, nakiya, dubulan, cincin, nan gidanmu wajen Ƙofar Marusa a Katsina. Duk wadda ke wannan aikin ta san yadda bayan ƙaramar salla take, biki kan biki, kowace uwar amarya tana so a gama mata jiya. Bara na karɓi aikin gida uku a cikin sati biyu, ɗaya ma har Daura za a kai. Tun bayan sallar asuba nake tsaye a tsakar gida kan siminti har bayan isha'i, ƙafa ba takalmi mafi yawan lokaci, in ma na sa to wani silifas ne da ya gama siɗewa dunduniyar ta zama kamar takarda. Ga zuwa babbar kasuwa sayen fulawa da suga da mai, ga kuma jiki da ya ƙaru tun bayan haihuwar autana, shekarata 46. Ban faɗi ba, ban bugu ba, ban taka komai ba. Haka nan wata safiya abin ya fara kaɗan kaɗan nace gajiya ce, na bar shi.

Da ya ƙi tafiya sai masu ba da shawara suka fara. Maƙwabciyata tace sanyin ƙashi ne, in daina taka ruwa. Yayar maigida tace ita tana tsoron ko wani abu na taka da aka binne, tunda sana'a ta fara buɗewa ba kowa ke son ka da alheri ba, wannan maganar ta hana ni barci kwana biyu wallahi. Wata tace in gasa dutse in aza ganyen tumfafiya in taka, na yi, akwai daɗi lokacin da ake yi amma da asuba muna nan inda muke. Hajiyarmu kuwa da na je gaishe ta ta ga ina ɗingishi, ta jawo ƙafarta ta nuna mani tabo a dunduniyar hagu tace “kin ga nan, ni ma na yi shi kina goye, wanzami ya yi mani lalas, ki bari in aika a kira maki ɗanshi.” Nace Hajiya a dai bari in gwada na asibiti tukun. Tace to Allah Ya sawwaƙe, amma na ga ba ta so ba.

Na asibitin ma ban tafi kai tsaye ba, kemis na fara, kamar yadda muke yi duka. Aka haɗa mani ƙwayoyi a leda, akwai dikulofenak akwai ibufurofen, ina sha safe da dare wani lokaci ma ban ci komai ba don sauri. Ciwon ya kan lafa na awanni. Sati na uku sai ƙirjina ya fara zafi, cikina kamar an zuba barkono, ashe olsa na tayar wa kaina. Daga baya ne na ji cewa irin waɗannan magungunan ba a haɗa biyu a lokaci ɗaya, ba a shan su da yunwa, ba a daɗewa a kansu, kuma mai olsa da mai ciwon ƙoda da mai hawan jini da mai juna biyu sai da izinin likita. Babu wanda ya gaya mani ko ɗaya daga ciki lokacin da ake miƙo mani ledar. Daga nan aka kwatanta mani wani mai allura, wai yana yi a dunduniya sau ɗaya an gama. Na je ya yi mani, zafin allurar nan ba zan manta ba, kuma gaskiya kwana uku bayan nan na sauko daga gado kamar ban taɓa ciwo ba har na yi sujadar godiya. Na koma aiki gadan-gadan na karɓi wani bikin. Ba a yi wata guda ba ciwon ya dawo, ya ma fi na da, na koma wajenshi yace a ƙara wata. Allah Ya taimake ni ranar ban da kuɗin a hannu.

Abin da har yanzu ke mani ciwo a rai game da mutumin nan, bai tambaye ni ko ina da ciwon suga ba, bai gaya mani sunan abin da ya zuba mani ba. Sai a asibiti na ji cewa allurar sitiroyid ce, mai kwantar da kumburi, likitocin ƙashi ma suna yin ta amma da lissafi, don sauƙinta na ɗan lokaci ne kamar sati huɗu, tana iya ɗaga suga, kuma in aka yawaita ta tana iya narkar da kitsen da Allah Ya shimfiɗa mana a ƙarƙashin dunduniya wanda shi ne katifar ƙashin, ko ma ta sa jijiyar ta tsinke. Kitsen nan in ya tafi ba ya dawowa. Ki duba fa, da ina da kuɗi ranar da na yi ta biyu, wataƙila da ta uku.

A asibiti likita ya sa aka ɗauki hoton ƙafar. Mai ɗaukar hoton ya ɗaga shi a haske sai ga wani ɗan tsini ya fito daga ƙashin dunduniya kamar ƙayar aduwa, nace shi ke nan ga ƙusar da nake takawa. Kafin in koma ɗakin likita na riga na gama lissafin kuɗin mota zuwa Kano asibitin ƙashi na Dala, da wa zai riƙe mani yara in an yi aiki. Likita ya duba hoton ya aje, ya kama ƙafata ya danna wuri ɗaya da babban yatsanshi na kusa tashi daga kan kujera, sannan ya lanƙwasa yatsuna sama ya sake dannawa. Yace “Hajiya wannan ƙayar ki manta da ita, mutane da yawa suna da ita ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna ciwon nan hotonsu ba ƙaya. Ba ita ke sukarki ba, kwance take ta kalli gaba, ba ƙasa ta kalla ba.” Ya faɗi sunan ciwon, filanta fashiyaitis, yace da Hausa dai ciwon jijiyar tafin ƙafa ne, kuma kusan mutum 1 cikin 10 sai ya yi shi a rayuwarshi, an fi ganin shi daga shekara 40 zuwa 60. Yace aiki shi ne abu na ƙarshe da ake tunani, kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa can, kusan 9 cikin 10 suna warkewa cikin shekara ba wuƙa. Da na ji shekara sai gabana ya faɗi, ni da nake neman maganin sati ɗaya. Ya gwada sugana da hawan jini, ya ba ni maganin olsa, ya tura ni ɓangaren gashin ƙashi.

A can ne na haɗu da yarinyar da har gobe nake sa ta a addu'a, sa'ar ɗiyata ta fari ce, Mama take ce mani. Ita ce mutum ta farko da ta zauna ta yi mani bayanin abin da ke cikin ƙafata. Tace “Mama kin san baka na maharba? Ƙasusuwan ƙafa 26 ne, sun haɗu sun yi lanƙwasa kamar baka, ita kuma jijiyar nan ita ce tsirkiya, ta taso daga ƙashin dunduniya ta baje har gindin yatsu. Duk takun da kika yi bakan na so ya buɗe ita ke riƙe shi.” Ta sa na ja babban yatsana sama da hannu na shafa tsakiyar tafin ƙafar, sai ga ta kuwa na ji ta ta miƙe tamau kamar igiya, shekara 46 ina tafiya a kanta ban san da ita ba. Tace in aiki ya fi ƙarfinta sai ta fara ƴan tsage-tsage ƙanana daidai inda ta manne da ƙashin dunduniya, wurin ya yi kauri ya gaji. Shi ya sa maganin kumburi kaɗai ba ya gamawa da shi, don abin ya fi kama da igiyar guga da ta fara cinyewa a bakin rijiya.

Na tambaye ta to mi ya sa sai da asuba? Tace in mutum ya kwanta ƙafarshi saki take yi yatsu su kalli ƙasa, jijiyar ta tsuke ta kwana a haka tana ƙoƙarin haɗewa, sai ki tashi ki aza mata nauyinki gaba ɗaya lokaci guda ba sallama. In kin ɗan yi tafiya ta saki sai ki ji sauƙi. Ta kuma matsa sharaɓata ta ce ta yi tauri kamar icce, wai sharaɓa da agara da jijiyar tafin ƙafa duk a kan ƙashi ɗaya suke ja, in na sama ya ɗaure na ƙasa ke shan wahala. Wannan bayanin kaɗai ya cire mani maganar an binne mani wani abu, don duk abin da ta faɗa na ji shi da hannuna a jikina.

Abin da ta koya mani ba shi da wuya, yin shi kullum ne wuyar. Na farko kafin ƙafata ta taɓa ƙasa da asuba, in zauna bakin gado in ɗora ƙafar mai ciwo kan gwiwar ɗayar, in kama yatsun duka in ja su baya wajen ƙwauri har sai na ji tsirkiyar nan ta miƙe, in ƙirga 10 a hankali in saki, sau 10. Sau uku a rana, kuma duk lokacin da na daɗe a zaune kafin in tashi in ɗan yi ko sau uku ne. Tace an gwada wannan a Amurka tun 2003 a kan mutanen da ciwon ya daɗe masu, ya fi miƙar da sharaɓa kaɗai amfani. Ni dai na haɗa shi da salati, kowane ja salati ɗaya, sai ya zama ba na mantawa kuma ba na jin ɓata lokaci nake. Wannan shi ne abu na farko da na ga aikinshi, cikin sati biyu takun farkon nan ya ragu daga ƙusa ya koma kamar tsakuwa.

Na biyu jikin bango. In dafa bango da hannu biyu, ƙafar mai ciwo a baya dunduniya manne da ƙasa gwiwa a miƙe, in karkata gaba har in ji sharaɓa na ja, daƙiƙa 30, sau uku, sannan in sake da gwiwar a ɗan lanƙwashe. Ranar da na gaji sosai ina kwance nake yi, in zarga gyale a tafin ƙafa in jawo. Na uku gorar ruwa mai ƙanƙara, in zauna bayan magariba in riƙa mirgina ta ƙarƙashin ƙafa kamar minti 10 zuwa 15. Da yanayin wutarmu ba kullum firij ke yin ƙanƙara ba, sai in aiki autana gidan da suke da sola ya sawo, in babu kuma kwalba ko muciya ma na mirginawa. Wannan ba ya warkarwa, sauƙi yake ba ki ki samu ki yi barci.

Na huɗun sai bayan kamar wata guda ta ƙara mani shi, kuma a ganina shi ne ya ƙarasa aikin. A naɗe tawul a aza bakin matakala ko dakali, a ɗora yatsu a kan tawul ɗin yadda za su ɗaga sama, dunduniya tana lilo a waje, a dafa bango. A ɗaga a hankali ana ƙirga uku, a tsaya a sama ana ƙirga biyu, a sauko a hankali ana ƙirga uku har dunduniya ta ɗan wuce bakin matakalar. Sau 12, a huta, a yi zagaye uku, kuma ba kullum ba, yau a yi gobe a huta. Da ƙafa biyu na fara don ɗaya ta gagare ni, daga baya na koma ɗaya, daga baya ma tace in goya jakar makarantar yara da littattafai a ciki don a ƙara nauyi. Wai a Denmak aka gwada wannan, aka buga sakamakon a 2015, waɗanda suka yi shi sun fi samun sauƙi a wata uku. Tace dalilin shi ne jijiya ba ta ƙarfi da hutu kaɗai, sai an riƙa ba ta aiki daidai ƙarfinta ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Akwai ɗan zafi lokacin yi, tace ba komai in dai washegari bai fi na jiya ba, in ya fi to na zarce in rage.

Sai maganar takalmi, a nan ne muka ɗan ja da ita. Tace kar in sake tafiya ƙafa ba takalmi a kan siminti ko tayil ko da daga gado zuwa bayi ne. Nace ƴar nan a gidan Bahaushe wa ke shiga ɗaki da takalmi? Tace “Mama ki ware guda ɗaya na cikin ɗaki wanda bai taɓa fita waje ba.” Haka na yi, yana nan bakin gado, shi nake fara zurawa bayan na gama ja. Ta koya mani yadda ake gwada takalmi a kasuwa, ki kama shi ki lanƙwasa, in ya naɗe daga tsakiya kamar tabarma ki aje, mai kyau wajen yatsu kaɗai yake lanƙwasawa, dunduniyarshi tana da kauri da ɗan tudu kaɗan, cikin kuma akwai ɗan tashi da zai tallafi tsakiyar ƙafa. Wajen ƴan gwanjo na samu kambas mai kyau, na sa mashi ƴar robar silikon ta dunduniya a ciki, da shi nake aiki da shi nake zuwa kasuwa ƙarƙashin hijabi. Flat ɗin nan na biki da muke so masu kyau a ido dai na haƙura da su tsawon lokacin, masu tsini ma haka. Ta taɓa ɗaure mani ƙafar da filasta ranar da zan yi tafiyar Daura kai kaya, ya taimaka na kwana biyu. Akwai kuma wani takalmin barci da ke riƙe ƙafa a miƙe har safe, wasu na jin daɗinshi, ni na gwada lokacin zafin Katsina na watan huɗu na kasa barci da shi na aje.

Aikin garar ban bari ba, da mi za a ci. Amma na canza yadda nake yi. Na sa kafinta ya yi mani kujera mai tsawo daidai kaskon suya, na shimfiɗa tsohon kafet ninki biyu inda nake tsayawa murza, na ɗauki yarinya ɗaya mai taya ni, na kuma koyi cewa uwar amarya a'a in aikin ya yi yawa, wanda shi ya fi komai yi mani wuya. Baban yara da ya ga abin da gaske ne shi ya karɓi zuwa kasuwa sayen fulawa, yace “ki rubuta mani kawai.” Na rage shan lemo da cin abin da nake soyawa, na sauke kilo 5 a hankali, ban ce shi ya warkar da ni ba amma duk kilon da ya tafi ƙafar ce ta huta da ɗaukarshi.

Salla ma akwai abin da na lura. A sujada in na kafa yatsu suna kallon gabas daidai jan nan ne da aka koya mani, da farko akwai zafi sosai musamman raka'ar farko ta asuba, amma in na yi jan kafin in sauko sai sujadar ta zo da sauƙi. Azumin da ya biyo baya tsayuwar tarawihi da tahajjud ta so ta dawo mani da ciwon, sai na riƙa yin wasu raka'o'in a zaune, na kuma ninka darduma. Wadda ke shirin Umara ko Hajji da wannan ciwon ta fara gyara tun watanni kafin tafiya, don tsakanin Safa da Marwa kaɗai sau bakwai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, duka a kan dutse mai tauri.

Ba zan ɓoye ba, wajen sati na shida da fara motsa jikin nan na kusa barin komai. Sauƙin farko ya tsaya cak, kullum jiya i yau, wata rana ma sai ya ƙaru ba dalili. Na je na same ta ina hawaye nace ko dai in koma a yi mani allurar nan. Ba ta yi mani faɗa ba, ta ɗauko takarda tace daga yau kowace asuba in ba takun farko maki daga 0 zuwa 10 in rubuta. Na riƙa rubutawa a bayan littafin da nake lissafin kuɗin gara. Ranar farko 7 na rubuta. Rana da rana ba ka ganin bambanci, amma da na buɗe bayan wata biyu sai na ga ina tsakanin 4 da 5, bayan wasu wata biyun 2, wani lokaci in aiki ya yi yawa ya koma 4 na kwana biyu ya sauko. Tace in da ya wuce wata shida ba motsi akwai wata na'ura mai bugun sauti da ake sa wa wurin a manyan asibitoci, ko allurar a hannun likitan ƙashi sau ɗaya tare da ci gaba da motsa jikin, amma ban kai can ba. Ranar da na warke ma ban san ta ba, sai da na tsinci kaina a bakin famfo ina alwala na tuna ban dafa bango ba.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai karanta wannan, ba kowane ciwon dunduniya ne irin nawa ba, kar ki ɗauki labarina ki zauna a gida. In ƙafar na dindiris ko tana zafi kamar wuta ko kamar ana tsira maki allurai, in ta kumbura ta yi ja da zazzaɓi, in faɗuwa kika yi ko kika diro daga sama kin kasa takawa, in ciwon na tashinki cikin dare kina kwance, in duka biyun ne ga kuma bayanki na ƙagewa da safe musamman ga matashi, to wannan na likita ne kai tsaye. Mai sikila ma haka. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai buga ƙwallo da ke kukan dunduniya shi ma nashi daban ne, wurin girman ƙashin ne ke ciwo, kar a kai shi a yi mashi allura. Faso da kaushin hunturu kuma ciwon fata ne, man kaɗanya ko basilin da safa ke maganinshi. Mai ciwon suga kuwa don girman Allah kar a kusanto ƙafarshi da wuta, ba lalas ba tsaga ba dutse mai zafi ba ruwan zafi, ko ƙanƙarar ma sai ya tambaya, don ƙafar mai suga ba ta jin zafi yadda ya kamata, zai ƙone bai sani ba kuma gyambon ya ƙi warkewa, da yawa daga nan ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Tun da na fara ba da labarin nan a gidajen biki na gane mu da yawa ne. Masu abincin sayarwa, malaman makaranta, nas-nas, masu kitso da ke tashi daga zama suna ɗingishi, ga maza ƴan kasuwa da masu gadi da masu aski da ke wuni tsaye. Matan sun fi ba ni tausayi don shiru suke yi, kowace ta ɗauka tsufa ne ko sanyi, tana shan ƙwayar kemis tana ci gaba da tsayuwa a kan siminti ba takalmi. Yanzu in na ga mace ta tashi daga tabarma ta yi taku uku tana yamutsa fuska sai in matsa kusa in ce Yaya ko dunduniya ce? Sau da yawa sai ta zaro ido tace ya aka yi kika sani. A nan gefen tabarmar nake kama ƙafarta in nuna mata tsirkiyar, in ce ta je a duba ta.

Satin da ya wuce na je wajen Hajiyarmu, na same ta tana shafa ɗaya ƙafar, ta dama, wadda ba a yi wa lalas ba. Nace Hajiya mi ya samu ƙafar? Tace kwana biyu in ta tashi asuba sai ta ji kamar ta taka ƙaya. Na tambaye ta wancan na da bayan lalas ɗin wata nawa ya yi kafin ya tafi, ta yi shiru tana lissafi tace ai sai da aka yaye ni, kuma wata biyu ta yi ba ta taka ƙafar ba saboda gyambon. Na zauna ƙasa na ɗora ƙafarta kan cinyata na ja yatsun a hankali tana cewa “wash, a hankali ke ƴar nan”, muka ƙirga 10 tare. Na bar mata silifas ɗina mai kauri na dawo gida da nata, ranar litinin kuma ƙanena zai kai ta a gwada sugarta kafin mu je wajen yarinyar nan ta gashin ƙashi.